Robert Bosch da tartsatsin da ke tayar da inji

Ranar Alhamis idan kasuwar Maigatari ta cika, ka tsaya ka kasa kunne, za ka ji ƙarar inji tana neman danne kukan shanu. Ga baburan da suka ɗauko riɗi da zoɓo daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ga janareton mai cajin waya, ga na mai aski, ga injin markaɗe a bayan rumfuna. Duk mai fetur a cikinsu, babba ko ƙarami, ransa yana rataye ne a kan abu guda: ɗan tartsatsin wuta da bai kai tsawon milimita ɗaya ba, wanda dole ya tashi a daidai lokacinsa, sau dubbai a minti ɗaya. Ranar da ya ƙi tashi, mai aski ya rufe shago, ɗan acaɓa ya tura babur da ƙafa. Shi ya sa a kowane gareji na Gumel abin da bakanike yake fara yi shi ne ya kwance fulogi, ya jingina shi da jikin inji, ya ja igiya, ya duba ko akwai wuta.

Da masu shirya wannan mujalla suka ce mu kawo tarihin wani shahararren mutum, na san za a samu masu rubuta sarakuna da malamai da 'yan siyasa. Ni ɗalibin sashen injiniyan kanikanci ne, don haka na zaɓi mutumin da ya yi suna ya yi dukiya a kan wannan tartsatsi, wato Robert Bosch na ƙasar Jamus. Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu 'yan poli kai tsaye, zan zo kansa.

An haife shi ranar 23 ga Satumba, 1861, a ƙauyen Albeck kusa da birnin Ulm, a kudancin Jamus. Shi ne na goma sha ɗaya cikin 'ya'ya goma sha biyu. Mahaifinsa Servatius manomi ne mai rufin asiri, yana kuma da masaukin baƙi a bakin hanya, inda masu keken doki suke yada zango. A 1869 iyalin suka koma Ulm. A makaranta Robert bai kasance cikin waɗanda ake nunawa da yatsa ba, hankalinsa ya fi karkata ga dabbobi da tsirrai. A 1876 aka kai shi koyon sana'ar ƙera ƙananan na'urori masu buƙatar awo daidai, ya yi shekara uku. Maigidan nasa bai damu da koyar da yara ba, kuma abin ya tsaya wa Robert a rai har girmansa. Duk wanda a cikinmu aka tura aikin SIWES ya ƙare da share gareji da sayo wa oga abinci, ya san irin wannan takaici.

Daga nan ya shiga yawon neman ƙwarewa. Ya yi aiki a masana'antu daban-daban na Jamus, ciki har da kamfanin lantarki na Schuckert a Nuremberg, ya yi shekara guda a soja. A lokacin sanyin 1883 zuwa 1884 ya zauna zango ɗaya a kwalejin fasaha ta Stuttgart, wadda a wancan zamani sunanta ma politeknik ne. Ko cikakken ɗalibi bai zama ba, mai sauraro ne kawai, ba shi da takardar kammalawa. Amfanin da ya samu, kamar yadda ya bayyana daga baya, shi ne ya daina jin tsoron manyan kalmomin ilimin lantarki. Wannan ne dalilin da na ce ya shafe mu. Mu da kullum ake yi mana gorin HND a gaban masu digiri, ya kamata mu san cewa wanda ya kafa ɗaya daga cikin manyan kamfanonin injiniya na duniya zango ɗaya tak ya yi a poli, sauran duk a bakin benci ya koya.

A 1884 ya haye teku zuwa Amurka, ya yi aiki a masana'antar Thomas Edison a New York. A can ya ɗanɗana zaman rashin aiki, ya kuma shiga ƙungiyar ƙwadago. Shekara ta zagayo ya wuce Ingila, ya yi aiki da kamfanin Siemens Brothers, sannan ya dawo gida. Ranar 15 ga Nuwamba, 1886, yana ɗan shekara 25, ya buɗe shagonsa a wani bayan gida a Stuttgart, da jarin mark 10,000 na gadon mahaifinsa, da ma'aikaci ɗaya da yaron aike ɗaya. Aikin kuwa duk abin da ya samu ne: haɗa tarho, sa ƙararrawar lantarki a gidaje, gyaran ƙananan na'urori. A 1890 ya sayi keke don zagaya masu ba shi aiki. Shekarun farko ba su yi daɗi ba ko kaɗan. A 1892 abin ya kai ga cikin ma'aikata 24 ya sallami kowa sai biyu.

To, a ina tartsatsi ya shigo? Sai mun ɗan koma baya. Injin fetur yana zuƙar iska gauraye da mai, fistin ya matse su a cikin silinda, sannan a cinna musu wuta su fashe su tura fistin ƙasa. Zuƙa da matsewa duk an gano su, cinna wutar ce ta addabi masu ƙera inji na farko. Étienne Lenoir ya yi amfani da batir da fulogi a injinsa na 1860, amma batirin wancan zamani nan da nan yake mutuwa, kuma babu abin da zai cika shi a hanya. Gottlieb Daimler kuwa wani ɗan bututu ya sa a jikin silinda, ana hura masa wuta daga waje har ya yi ja. Ku auna da kanku: harshen wuta a buɗe, kusa da tankin fetur, a kan abin hawa mai girgiza. Iska ta kashe wutar, ko kuma motar ta kama da wuta.

Hanya ta uku ita ce maganeto, na'urar da take samar da wutarta da kanta ta hanyar motsa naɗin waya a gaban maganaɗisu, ba ruwanta da batir. Kamfanin Deutz na Nikolaus Otto yana da irinta. A 1887 wani mai ƙera inji ya nemi Bosch ya yi masa makamanciyarta. Bosch ya je ya dudduba ta Deutz ɗin, ya tabbatar ba a yi mata rajistar mallaka ba, ya kwaikwaye ta, amma ya canza dogayen sandunan maganaɗisu da wasu masu lanƙwasa kamar takalmin doki, sai ta fi ƙanƙanta ta fi ƙarfi. Kun ga ke nan da kwafi ya fara. Ina tuna wannan duk lokacin da na ji ana raina masu ƙere-ƙerenmu da cewa kwaikwayo kawai suka iya. Kwaikwayon ba shi ne aibi ba, tambayar ita ce me ka gyara a ciki. Zuwa 1896 shagon ya ƙera maganeto 1,000.

Sai dai waɗannan duk na injin da ke girke wuri ɗaya ne, mai juyawa a hankali. A 1897 wani Bature ɗan Ingila mai suna Frederick Simms ya aiko masa da babur mai ƙafa uku ƙirar De Dion-Bouton ta Faransa, ya ce a sa masa maganeto. Injinsa yana iya juyi har 1,800 a minti, tsohuwar na'urar kuwa 'yan ɗaruruwa kaɗan take iya bi, domin naɗin wayar da take kaɗawa yana da nauyi. Shugaban ma'aikatansa, Arnold Zähringer, shi ya warware matsalar. Ya bar naɗin mai nauyi a tsaye, ya sa wani ɗan kwanson ƙarfe marar nauyi yana kai da komo tsakaninsa da maganaɗisun. Daga wannan rana maganeto ta hau abin hawa. A 1898 aka buɗe ofis a Landan, a 1899 a Faris, a 1901 Bosch ya gina masana'antarsa ta farko.

Har yanzu da sauran rina a kaba. Wutar da wannan maganeto take bayarwa ba ta da ƙarfin tsallake rata. Don haka sai an sa wasu ƙarafa biyu a cikin silinda kanta, suna haɗuwa suna rabuwa, tartsatsin yana fita a lokacin rabuwar, kamar yadda kake gani idan ka raba wayoyin batir biyu. Ƙarfe mai motsi a cikin wuri mai zafi da hayaƙi, ga sandunan da ke motsa shi daga waje, ga shi kowane irin inji sai an ƙera masa nasa. Lalacewa ba ta ƙarewa.

Wanda ya kawo ƙarshen wannan shi ne Gottlob Honold. Ya shigo shagon Bosch a 1891 yana yaro mai koyon aiki, ya tafi ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Stuttgart, ya dawo a 1901 aka ba shi ragamar ƙirƙira. Abin da ya yi, ya naɗa waya kashi biyu a kan ƙarfe ɗaya. Ta farko mai kauri, zagaye kaɗan. Ta biyu siririya kamar gashi, zagaye dubbai. Maganaɗisu yana haifar da wuta a ta farko, sai a yanke ta farat ɗaya, wannan yankewar ce take sa ta biyu ta harba wuta mai ƙarfin volt dubu goma ko fiye. Wuta mai irin wannan ƙarfi ba ta buƙatar ƙarfe ya taɓa ƙarfe, tsallake rata take yi. Shi ke nan sai aka cire duk wani abu mai motsi daga cikin silinda, aka ɗaura fulogi, aka ja masa waya ɗaya. An yi wa fulogin rajista a Janairun 1902, kamfanin Daimler ya karɓi na'urorin farko a cikin shekarar.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, don na sha ganin ana rubuta cewa Bosch ne ya ƙirƙiro fulogi. Ba shi ba ne. Fulogi ya girmi shagonsa da shekaru, kuma manyan dabarun biyu da suka ɗaga kamfanin na Zähringer ne da Honold. Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ban ga haka ba, domin Honold ya zama ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin kuma mai hannun jari a ciki, har rasuwarsa a 1923. Baiwar Bosch ita ce gane mai basira, da ba shi wuri, da kuma tsananin da yake yi a kan inganci. A sana'ar da kuskuren rabin milimita yake hana inji tashi, wannan tsanani shi ne jari.

Yanzu ku buɗe murfin janareton gidanku, ko injin Honda GX160 da ire-irensa na China da suka cika kasuwa, za ku tarar da dabarar Honold tana nan daram. A bayan igiyar da ake ja akwai faifan ƙarfe mai nauyi, an manna maganaɗisu a gefensa. Kusa da shi ga kwayil, wanda shi ne naɗin waya biyun nan an rufe su da baƙin roba. Bambancin kawai, da wasu ƙarafa ne suke yanke wutar, yanzu tiransisto ce a cikin kwayil ɗin, a babur kuma akwatin CDI. Wanda ya fahimci wannan tsari ba zai riƙa canza kaya da ka ba.

Misali, mutane da yawa ba su san cewa makunnin irin wannan inji ba ya ba da wuta, kashe ta yake yi. Idan ka murɗa shi zuwa kashewa, yana haɗa wayar farko ta kwayil da jikin inji ne, wutar ta zube. To idan girgiza ta goge rigar wannan waya, ko ɓera ya ci ta, ta taɓa ƙarfe, inji a kashe yake ko da makunni yana nuna a kunne. Na'urar da ke tsaron baƙin mai ma haka take aiki: mai ya yi ƙasa, ko an girke injin a karkace a kan rairayi irin namu, sai ta zubar da wutar. Saboda haka kafin a yanke wa kwayil hukunci, a duba baƙin mai, a zare 'yar siririyar wayar nan daga jikinsa, a sake ja. Idan wuta ta dawo, kwayil lafiyarsa ƙalau, laifin yana wajen makunni ko waya ko na'urar mai. Kwayil nawa aka jefar a banza saboda rashin wannan gwaji na minti biyu, Allah kaɗai ya sani.

Shi kansa fulogin yana ba da labari idan ka iya karanta shi. Bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, inji yana ƙona mai daidai. Ya yi baƙi a bushe kamar gindin tukunya, fetur ya fi iska yawa, kuma a ƙasarmu mai ƙura, musamman da hunturu, matatar iska ce ta toshe kafin a zargi kafireto. Ya yi baƙi da maiƙo, baƙin mai ne yake shiga silinda. A ƙaramin Tiger da ake gauraya masa mai da fetur, yawanci hannun mai zubawa ne ya yi nauyi, wai don inji ya daɗe, alhali ma'aunin da aka saba shi ne kashi ɗaya na mai cikin hamsin na fetur. Ya yi fari fat kuwa, zafi ya yi yawa, wannan ya fi baƙin haɗari. Ratar bakin fulogi a injin irin GX160 tsakanin milimita 0.7 ne da 0.8. Ratar da ke tsakanin kwayil da faifai kuma wajen 0.4, kusan kaurin katin waya na takarda, wanda da shi wasu makanikai suke aunawa.

Akwai wani abu da yake ruɗa har tsofaffin hannu. Ka ga wuta a waje, ka ɗaura fulogi, inji ya ƙi. Dalili shi ne iskar da aka matse ta fi wuyar tsallakewa, don haka tartsatsi mai rauni, ja-ja ko rawaya, yana iya fita a fili ya kasa fita a cikin silinda, ko ya bi ta tsagewar tangaran ɗin fulogi ya zube. Abin da ake so shi ne shuɗi mai ƙara. Haka nan injin da yake tashi da safe ya mutu idan ya ɗau zafi, ya sake tashi bayan ya huce, sau da yawa siririyar wayar cikin kwayil ce take rabuwa idan ta buɗe da zafi. Idan kuma wuta tana da kyau, mai yana zuwa, amma inji yana harbin baya yana fizge igiya, a duba ɗan ƙarfen da ke kulle faifai da sandar inji. In ya karye faifan ya goce, wutar tana zuwa, amma ba a lokacinta ba. Don Allah kuma, mai gwada wuta ya nisanta fulogi daga raminsa, tururin fetur yana fitowa ta nan.

Mu koma kan mutumin. Tseren motoci ne ya tallata shi. A 1903 Camille Jenatzy ɗan Beljiyam ya ci gasar Gordon Bennett a ƙasar Ailan da motar Mercedes mai maganeton Bosch. A 1906 aka ƙera ta 100,000. Zuwa 1913, kashi 88 cikin ɗari na cinikin kamfanin a wajen Jamus ake yin sa, har da masana'anta a Amurka. A 1906 ɗin nan ya mayar da aiki awa takwas a rana, tun doka ba ta tilasta ba, a 1910 ya ba da hutun yammacin Asabar, kuma albashinsa ya fi na maƙwabta. Sauran masu masana'antu suka riƙa yi masa laƙabi da Jan Bosch, wato suna zarginsa da ra'ayin gurguzu. A 1913 ya buɗe sashen koyar da yara sana'a na musamman, da alama bai manta da maigidansa na Ulm ba.

Amma kada a ɗauka waliyyi ne. A wannan shekara ta 1913 ma'aikatansa suka shiga yajin aiki a kan matsin aiki da korar abokansu, shi kuma ya rufe masana'antar na makonni, daga baya ya shiga ƙungiyar masu masana'antu da a da yake gudu. Mutum ne mai zafin rai da son a bi tsarinsa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rufe masa kasuwannin waje, Amurka ta ƙwace kadarorinsa da ke can. A gida kuwa ya samu ƙazamar riba daga kwangilar soja, ribar da ta dame shi, har ya bayar da kusan mark miliyan 20, mafi yawa don haƙa hanyar jiragen ruwa a kogin Neckar. A ƙarshen 1918 Honold ya zana tambarin da kamfanin yake amfani da shi har gobe. Wannan alama da kuke gani cikin da'ira a jikin na'urar huda bango ta Bosch, hoton ƙarfen da ake naɗa wayar maganeto a kai ne. A 1921 ɗansa Robert ya rasu bayan doguwar jinya, aurensa da Anna Kayser bai jure wannan rashi ba, a 1927 ya auri Margarete Wörz.

Da motoci suka koma amfani da batir wajen ba da wuta, kasuwar maganeto ta fara ja da baya, sai kamfanin ya bazu: fitilar mota, ham, abin share gilashi, firiji. Mafi muhimmanci a 1927 ya fara ƙera famfon feshin man dizal. Manyan injinan niƙa da na casar gero da muke gani a ƙauyuka ba su da fulogi sam, zafin matsewar iska ne yake kunna man, kuma irin wannan famfo ne yake fesa shi a kan lokaci.

Zamanin Hitler shi ne babi mafi nauyi, kuma ban ga amfanin a tsallake shi ba. Bosch ba ya ƙaunar 'yan Nazi, ya daɗe yana aikin sasanta Jamus da Faransa. A 1937 kamfaninsa ya ɗauki Carl Goerdeler, tsohon magajin garin Leipzig, a matsayin mai ba da shawara, wanda hakan ya ba shi kuɗi da damar tafiye-tafiye yana haɗa masu adawa da gwamnati. An kashe Goerdeler a Fabrairun 1945 bayan yunƙurin halaka Hitler ya ci tura. Hans Walz, wanda ya gaji Bosch a shugabancin kamfanin, ya taimaki Yahudawa da dama suka tsira. Duk wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa kamfanin ya ƙera wa sojojin Hitler kayan jiragen sama da na tankokin yaƙi, ya bunƙasa da wannan ciniki, kuma a tsawon yaƙin an yi amfani da mutane kimanin 20,000 a aikin tilas a masana'antunsa, har da fursunonin sansanonin azaba. Mafi yawan wannan ya faru bayan ya tsufa ya saki ragama, wani ma bayan mutuwarsa, amma sunansa ne a ƙofar, kuma alherin da aka yi wa wasu bai goge zaluncin da aka yi wa waɗannan ba.

A 1940 ya buɗe asibitin da ya gina wa birnin Stuttgart, wanda har yanzu yana aiki da sunansa. Ya mutu ranar 12 ga Maris, 1942, yana da shekara 80, sanadin ciwon kunne da ya yi tsanani. Gwamnatin da ya ƙi jini ta karɓe jana'izar ta mayar da ita ta ƙasa. A wasiyyarsa ya nemi a riƙa juya ribar kamfanin zuwa ayyukan amfanin jama'a, kuma a 1964 magadansa suka miƙa mafi yawan hannun jarin ga gidauniyar da ke ɗauke da sunansa. Yau fiye da kashi 90 cikin ɗari na kamfanin Bosch mallakar wannan gidauniya ne, tana kashe rabonta a kan lafiya da ilimi da binciken kimiyya, amma ba ta da ƙuri'a a kan yadda ake tafiyar da kasuwancin.